Wa Za A Ba Ƙungiya? Darasin Kujerar Koci Daga Kano Pillars Zuwa Mena

A watan Yulin 2025 gwamnatin jihar Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajan Kano Pillars. Mutumin da ya ci ƙwallo 18 a gasar Najeriya yana matashi sanye da rigar ƙungiyar, ya tafi Turai ya yi suna, ya ɗaura ƙyallen kyaftin na Super Eagles, shi ne aka ɗora a kan teburin gudanarwa alhali bai ajiye takalminsa ba. Daga cikin abubuwan da ya fara tararwa a kan teburin akwai tambayar da ta riga ta gajiyar da shugabannin da suka gabace shi: wa za a ba horar da 'yan wasa?

Duk mai bin labarin Pillars, wato Sai Masu Gida, zai iya jero sunayen da ka. Kadiri Ikhana, Ivo Sajh, Salisu Yusuf, Ladan Bosso, Mohammed Baba Ganaru, Okey Emordi, Ibrahim Musa, Lionel Soccoia, Evans Ogenyi, Abdu Maikaba, Usman Abdallah. Wasu sun zo sau ɗaya, wasu an sallame su an sake kiransu. A cikinsu akwai Bakano, akwai ɗan Barno, akwai 'yan kudancin Najeriya, akwai Turawa biyu. Wasu sun bar kofi a baya, wasu sun bar gardama.

Wannan magana ta wuce Kano. A fadodin matasa na Damagaram, a gidajen kallo na Gure da Gidigir da Gidimuni, ana kwana ana tashi da muhawarar koci: wa ya dace da Real Madrid, wa zai farfaɗo da Manchester United, wa ya kamata ya riƙe Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar. Ana yin ta da zafi, shayi na tafasa, kowa na da gwaninsa. Sai dai yawancin muhawarar kan tsaya ne a kan suna. Tarihin Pillars da na Mena kuwa na nuna cewa kafin a kai ga suna akwai tambayoyi da suka fi shi nauyi: wa ke zaɓen, wane aiki ake son a yi, wane iko za a ba wanda aka ɗauko, kuma har yaushe za a yi haƙuri da shi.

Shekarun kofi

An kafa Kano Pillars a 1990, amma sai a 2008 ta fara ɗaukar kofin gasar Najeriya. Wanda ya kawo shi, Kadiri Ikhana, ba sabon hannu ba ne. Yana cikin 'yan wasan Najeriya da suka ci kofin Afirka a 1980, kuma shi ya jagoranci Enyimba ta Aba ta ci kofin zakarun Afirka a 2003, karo na farko da wata ƙungiyar Najeriya ta yi haka. Pillars ta nemi wanda ya san hanyar kofi, ta same shi, ya kuma kai ta.

Shekarar da ta biyo baya, a hannun Ivo Sajh ɗan ƙasar Sulobeniya, ƙungiyar ta yi abin da har yanzu ake ba yara labari. Ta haɗu da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka a lokacin, aka tashi 1-1 a Najeriya, aka je Alƙahira aka yi 2-2, Pillars ta wuce da ƙwallayen da ta ci a waje. Ta tsallake rukuni, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita.

Sai shekaru uku na mulki: 2012, 2013 da 2014. Biyun farko Mohammed Baba Ganaru ne a kan benci, na ukun kuma Okey Emordi, wanda shi ma ya ci kofin zakarun Afirka da Enyimba a 2004. Abin lura a nan shi ne an canza koci a tsakiya, kofi bai bar Kano ba. Dalili kuwa a fili yake ga duk wanda ya kalli wasannin: ƙashin bayan ƙungiyar bai motsa ba. Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele, yana tsakiya yana rarraba ƙwallo, Gambo Mohammed yana gaba, 'yan wasan sun san juna, sun san filin Sani Abacha, sun san abin da jama'a ke so. Sabon koci ya tarar da gida a shirye, bai rushe ba ya ce sai ya sake gini. A tsawon waɗannan shekaru babu baƙon da ya ci Pillars a gida a wasan gasa. An fara lissafin tun 2003, bai yanke ba sai a watan Agustan 2015, da Nasarawa United ta zo Kano ta yi nasara bayan wasanni 202.

Ita kanta 2015 ta nuna cewa akwai abubuwan da suka fi ƙarfin koci. A watan Maris na shekarar 'yan fashi suka tare motar 'yan wasan a kan hanyarsu ta zuwa Owerri, suka buɗe wuta, suka raunata wasu, har da Gambo. A gasar Afirka kuma Moghreb Tetouan ta Maroko ta fitar da su da wuri. Emordi bai ƙarasa kakar ba, aka koma aka ɗauko Ganaru. Daga nan ne ƙofar ta fara juyawa da sauri.

Daren Asaba da abin da ya biyo baya

Idan ana neman misalin ranar da ta isa a kori koci, to ranar wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 2018 ce, a Asaba. Pillars ta zura wa Enugu Rangers ƙwallo uku ba ko ɗaya. A Kano an fara shirin tarbar kofi. Kafin alƙalin wasa ya busa tashi Rangers ta farke duka ukun, aka je bugun fenariti, kofi ya tafi Enugu. Ibrahim Musa, wanda aka fi sani da Jugunu, shi ne koci. Ɗan gida ne, ya daɗe a cikin ƙungiyar kafin a ba shi ragama, kuma babu wanda zai yi mamaki da an sallame shi washegari.

Ba a sallame shi ba. A watan Yulin 2019 ya sake kai ƙungiyar wasan ƙarshe, a filin Ahmadu Bello na Kaduna, suka yi canjaras da Niger Tornadoes ta Minna, aka je fenariti, wannan karon Pillars ta ɗauka. Rabon da kofin ya shiga Kano tun 1953. 'Yan wasan da suka sha kunya a Asaba su ne suka san yadda za su tsaya a Kaduna, kuma mutumin da ya ga rushewarsu shi ya fi kowa sanin inda za a toshe. Da an kawo wani, da sai ya fara tambayar sunayensu.

Irin wannan haƙuri shi Senegal ta yi da Aliou Cisse. An ba shi ƙungiyar ƙasa a 2015, ya sha kashi a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 2019, aka yi ta kiran a cire shi, hukuma ta toshe kunne, a watan Fabrairun 2022 ya kawo wa ƙasar kofinta na farko. Shi ma Alex Ferguson ya zo Manchester United a 1986, bai ɗauki komai ba sai 1990.

Abin takaici, Pillars ba ta riƙe wannan darasi ba. A ƙarshen 2020 aka ɗauko Bafaranshe Lionel Soccoia aka ɗora shi a sama. Jaraaf ta Senegal ta fitar da ƙungiyar tun zagayen farko na gasar Afirka, kuma cikin 'yan watanni Soccoia ya tafi. Aka koma wa Ibrahim Musa, aka sake ɗauko Salisu Yusuf. A 2022 abubuwa suka haɗu suka cakuɗe: rashin nasara a fili, tarzomar magoya baya a wasa da Katsina United, hukuncin cire maki, da rigingimun shugabanci. A ƙarshen kakar ƙungiyar da ta ci gasa sau huɗu ta gangara zuwa rukuni na ƙasa.

Evans Ogenyi ne ya dawo da ita sama a 2023. Ladan da ya samu shi ne a ba wani kujerar. Abdu Maikaba ya yi kaka ɗaya. Usman Abdallah, Bakanon da ya ci gasar Najeriya da Enyimba a 2019, ya zo a 2024, aka dakatar da shi na wani lokaci a tsakiyar kaka, shi ma bai wuce shekara ba. A 2025 aka sake kiran Ogenyi, kafin shekarar ta ƙare kuma aka sake neman Ganaru. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane ya san aikinsa, tarihinsu ya shaida. Amma ba wanda aka ba lokacin da zai ga yaron da ya ɗauko daga ƙaramar ƙungiya ya zama ginshiƙi. Kowane sabon koci kan zo da 'yan wasansa, a sallami na wancan, a biya sabon kuɗin sa hannu, a fara daga farko. Sauri ya haifi nawa.

Sarki biyu a benci ɗaya

A Nijar akwai labarin da ya kamata duk wani shugaban ƙungiya ya haddace. Harouna Doula Gabde, ɗan ƙasa, shi ne ya riƙe Mena a wasannin neman shiga kofin Afirka na 2012. Rukunin ya ƙunshi Masar, wadda ta ci kofin sau uku a jere, da Afirka ta Kudu da Saliyo. Ba wanda ya sa Nijar a lissafi. A watan Oktoban 2010 Masar ta zo filin Janar Seyni Kountche na Yamai, Moussa Maazou ya ci ƙwallo ɗaya tilo, gari ya ɗauka. Mena ta ci duk wasanninta uku na gida. A ranar ƙarshe, 8 ga Oktoban 2011, ta sha kashi 3-0 a Alƙahira, yayin da Afirka ta Kudu ta yi 0-0 da Saliyo, 'yan wasanta suna rawa a fili don sun ɗauka sun wuce. Ba su karanta doka da kyau ba. Ƙasashe uku sun yi kunnen doki da maki tara tara, sakamakon da ke tsakaninsu kuma ya ba Nijar gaba. Mena ta shiga kofin Afirka a karon farko a tarihi, hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓi Doula gwarzon koci na 2011.

Sai aka ce a nemo masa mai ba da shawara. Aka ɗauko Rolland Courbis, tsohon kocin Marseille ta Faransa. A wasan farko a Libreville, Gabon mai masaukin baƙi ta ci 2-0. Daga nan Courbis ya zama shi ke tsara 'yan wasa, Doula yana gefe. Tunisiya ta ci 2-1, Maroko ta ci 1-0, aka dawo gida ba maki ko ɗaya. Bayan gasar aka tabbatar wa Courbis kujerar, bai kai tsakiyar shekara da nisa ba ya ajiye ya tafi.

Mena na iya faɗuwa a waɗannan wasanni ko da Doula ne shi kaɗai, domin abokan karawarta sun fi ta gogewa. Illar da aka yi ta fi sakamakon wasa uku girma. An nuna wa 'yan wasa cewa mutumin da ya kai su inda ba su taɓa zuwa ba bai isa a amince masa ba ranar da duniya ke kallo. An kuma nuna wa duk wani matashin koci a Maraɗi ko Tawa ko Damagaram iyakar inda ƙoƙarinsa zai kai shi. Ɗan wasa da ke jin umarni daga baki biyu ba ya sanin wanda zai bi, kuma idan aka faɗi, ba a san wanda za a tambaya ba.

Adalci ne a faɗi cewa baƙi ma sun yi wa Nijar aiki. Gernot Rohr, Bajamushen da ya jagoranci Gabon a wancan wasa na Libreville, shi aka ɗauko a watan Satumban 2012. Ya fitar da Gini, ya kai Mena kofin Afirka na 2013, inda ta samu makinta na farko da canjaras da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Ya tafi a 2014. François Zahoui ɗan Kwaddibuwa ya yi wajen shekara huɗu, sai Jean-Guy Wallemme, sai Jean-Michel Cavalli. A ƙarshen 2023 aka ba Badou Zaki, tsohon mai tsaron gidan Maroko kuma gwarzon ɗan wasan Afirka na 1986. A ƙarƙashinsa Mena ta je Accra a watan Nuwamban 2024 ta doke Ghana 2-1, duk da cewa a lokacin wasanninta na gida a ƙasashen waje take buga su saboda filin Yamai bai cika sharuɗɗan hukumar Afirka ba.

Shi kuwa Doula bai yi fushi ya bar fagen ba. A farkon 2023, a gasar 'yan wasan cikin gida da aka yi a Aljeriya, ya ɗauki yaran da ke buga gasar Nijar ya doke Kamaru, ya doke Ghana 2-0, ya kai wasan kusa da na ƙarshe. Aljeriya ta yi musu 5-0, Madagaska ta ƙwace matsayi na uku, amma babu wata babbar ƙungiyar Nijar da ta taɓa kai wannan mataki kafin nan. A wannan karon shi kaɗai ne a kan benci.

Saboda haka gardamar ɗan gida da baƙo, wadda ta fi kowace cin lokaci a fada, ba ta kai mutum ko'ina. Sajh ya kai Pillars kusa da ƙarshe, Soccoia bai haye zagayen farko ba. Rohr ya kai Mena gasa, Courbis bai zauna ba. Abin da ya raba su shi ne abin da suka tarar, da ikon da aka ba su, da ko an san dalilin ɗauko su.

Mai biya shi ke da magana

Me ya sa ake yawan yin kuskuren? Sai a duba masu ƙungiyoyin. Kano Pillars ta gwamnatin jihar Kano ce, kamar yadda Katsina United, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri da Wikki Tourists ta Bauchi suke na gwamnatocin jihohinsu. Gwamna ke naɗa hukumar gudanarwa. Idan gwamnati ta canza, ko gwamna ya fusata, a rushe hukuma a kafa wata, sabuwar kuma tana son a ga ta yi wani abu. Abu mafi sauƙi da mafi saurin shiga rediyo shi ne sabon koci. Shugaban da bai san ko zai kai baɗi a kujerarsa ba, ba zai yi wa koci tsarin shekara uku ba.

A Nijar manyan ƙungiyoyin na hukumomin gwamnati ne da kamfanoninta: AS FAN ta soja, USGN ta jandarma, AS GNN ta dakarun garde, AS Douanes ta kwastan, AS Police, sai Sonidep ta kamfanin mai da Nigelec ta kamfanin lantarki. Suna da abin da wasu ba su da shi, wato albashi mai zuwa da motar tafiya, shi ya sa kofi ke yawo a tsakaninsu. AS FAN ta kai matakin rukuni na kofin ƙalubalen Afirka a 2010, USGN ta maimaita a kakar 2021 zuwa 2022. Sai dai a irin wannan gida maganar babba umarni ce, kuma koci farar hula na buƙatar a fayyace masa tun ranar farko inda ikonsa ya fara da inda ya tsaya.

Ƙungiyoyin jihohi kuwa nasu ciwon daban ne. Jangorzo ta Maraɗi ta ci gasar ƙasa a 1983, Espoir ta Damagaram ta ci a 1984. Tun daga lokacin kofin kusan ya tare a Yamai. Ƙungiyar da ke Damagaram tana da tafiyar kusan kilomita 900 kafin ta isa babban birni, kuma rayuwarta ta dogara ne ga attajiran gari da magajin gari da 'yan kasuwa masu son wasa. Da yaro ya fara haskawa, masu albashi sun ɗauke shi. A nan kocin da ake buƙata shi ne wanda zai iya gano sabon yaro kowace shekara, ya koya masa tsayuwa da bayar da ƙwallo, ya kuma riƙe zukatan yaran a watan da alawus bai zo ba. Wanda ya saba da aiki da taurari ba lallai ne ya iya wannan ba, komai girman sunansa.

Tambayoyi kafin suna

Daga waɗannan labarai ana iya fitar da abin da ya kamata hukumar kowace ƙungiya ta zauna ta amsa kafin ta buga wa kowa waya.

Da fari, mene ne aikin? Ƙungiyar da ke neman tsira daga faɗuwa, da wadda ke neman kofi bana, da wadda ke son tara yara don shekara uku masu zuwa, ba mutum ɗaya suke nema ba. Pillars ta 2008 ta san abin da take so, ta ɗauko Ikhana. Sau da yawa kuwa ana ɗauko mai gini a auna shi da kofi bayan wasa takwas.

Na biyu, takarda da ilimi. Hukumar ƙwallon Afirka tana da matakan lasisin horarwa, kuma ba ta barin wanda bai kai babban mataki ba ya zauna a benci a gasanninta na ƙungiyoyi. Tsohon tauraro yana da kwarjini a idon yara, amma iya buga ƙwallo daban, iya koyar da ita daban. Ƙungiya mai hankali tana tura tsofaffin 'yan wasanta kwas tun kafin ta buƙace su.

Na uku, harshe da sanin mutane. A ɗakin sauya kaya na ƙungiyar Damagaram za a ji Hausa da Barbarci da Zabarmanci da Faransanci. Kocin da sai da tafinta zai yi wa yaro faɗa ko ya lallashe shi ya rasa rabin makaminsa. Ya san watan azumi da yadda ake sauya lokacin atisaye, ya san zafin watan Afrilu, ya san yaron da hankalinsa ke gida saboda damina ta faɗi ba mai yi wa tsohonsa noma.

Na huɗu, iko. Wa ke zaɓen 'yan wasa goma sha ɗaya? Wa ke cewa a sayi wane, a sallami wane? Idan shugaba zai turo takarda da sunan ɗan ƙanensa ranar wasa, to ba koci yake nema ba, mai ɗaukar laifi yake nema. Wannan magana ta shafi Ahmed Musa kai tsaye, domin shi manaja ne a ofis, ɗan wasa ne a fili. Duk kocin da zai yi aiki da shi dole ya sami tabbacin cewa zai iya ajiye shi a benci idan wasa ya buƙaci haka.

Na biyar, kwantaragi da biya. A rubuta wa'adi, a rubuta abin da za a auna shi da shi, a rubuta abin da za a ba shi idan aka raba gari. Rabin rigingimun koci da ƙungiya a ƙasashenmu a kan bashin albashi suke, kuma idan baƙo ne ƙarar kan kai har FIFA, wadda ke iya hana ƙungiya sayen 'yan wasa sai ta biya.

Turai ma ba ta tsira daga kuskure ba. Da Ferguson zai tafi a 2013, shi ya nuna David Moyes, aka ba shi kwantaragin shekara shida, aka kore shi cikin wata goma. A lokaci guda koci ya tafi, babban jami'in gudanarwa David Gill ma ya tafi, Moyes kuma ya sallami mataimakan da suka san gidan. Liverpool kuwa, da Jurgen Klopp ya sanar tun watan Janairun 2024 cewa zai tafi, sai ta fara gyara ofishin masu zaɓe, sannan ta nemo wanda salon wasansa ya dace da 'yan wasan da ke ƙasa. Arne Slot ya zo, bai rushe komai ba, ya ci gasar Ingila a kakarsa ta farko. Abin da ya faru a Kano ke nan tsakanin Ganaru da Emordi.

Daga filin ƙasa ake farawa

Wani zai ce ina ruwan Gidigir da wannan, garin da ke kan babbar hanyar Damagaram zuwa Gure, wanda aka fi saninsa da kasuwa da kwaruruka masu dabino. Ai a irin waɗannan garuruwa ne ake fara zaɓen koci. Idan babban hutun makaranta ya zo aka shirya gasa tsakanin unguwanni da ƙauyuka, kowace ƙungiya na da wanda ke tsaye a bakin fili yana ba da umarni. Wani lokaci malamin makaranta ne, wani lokaci tsohon ɗan wasa ne da gwiwa ta ajiye, sau da yawa kuma wanda ya sayi riguna da ƙwallo ne. Cutar da ke damun Pillars tana nan a ƙaramin sikeli: mai kuɗi ya zama mai tsara wasa, a faɗi sau biyu a ce a canza, a ɗauko wani daga birni ranar wasan ƙarshe a ture wanda ya sha rana da yaran wata biyu.

Gyaran ma daga nan zai fi sauƙi, domin ba ya buƙatar miliyoyi. Dattawan ƙungiya su raba aiki, mai bayar da kuɗi ya riƙe girmansa na uban ƙungiya, a bar wa mai horarwa fili. A ba shi gasa biyu ko uku kafin a yanke masa hukunci. Ƙananan hukumomi da reshen hukumar ƙwallon ƙasa na jihar Damagaram su riƙa kai kwasa-kwasan lasisin farko har Gure da Magarya da Tanut, yadda malamin da ke horar da yara a bayan makaranta zai sami takarda ba sai ya sayar da akuyarsa ya tafi Yamai ba. Kanar-Manjo Djibrilla Hima Hamidou, wanda ya hau shugabancin hukumar ƙwallon Nijar, FENIFOOT, a 2009, ya shiga majalisar FIFA a watan Maris na 2025. Nijar ba ta taɓa samun murya kusa da masu rabon kuɗin raya ƙwallo kamar yanzu ba, kuma horar da masu horarwa a jihohi na cikin abubuwan da suka fi cancantar wannan kuɗi.

Ga manyan ƙungiyoyi kuma, buƙatar ɗaya ce, ko a Kano ko a Yamai ko a Damagaram: hukumar da za ta daɗe a kujera fiye da fushin rana ɗaya, ta rubuta abin da take so, ta zaɓi mutum ɗaya, ta biya shi a kan lokaci, ta tsaya a bayansa ranar da jama'a ke ihun a kore shi. Magoya baya ma da nasu kason. Jifa da kutsawa cikin fili sun ci wa Pillars maki. Duk mai son ƙungiyarsa, idan aka sanar da sabon koci, ya tambayi shugabanni shekara nawa suka ba shi da abin da suka ce ya yi, ya kuma riƙe su da amsar da suka bayar idan kaka ta ƙare.